Darasi: Haƙƙin Ƙungiyar Ƙwadago Na A Zauna Da Ita Kafin A Sauya Tsarin Aiki

Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a gonakin Danchadi, ko kuwa shi aka ɗauka, ya san yadda jinga take. Ana zuwa bakin gona a nuna iyaka, a faɗi aikin, noma ne ko huɗa ko yankan gero, a yi ciniki har a daidaita. Idan rana ta take mai gona ya zo ya ce a haɗa da wancan gefen da ba a ambata da safe ba, ba mai ɗaga fartanya sai an sake magana, kuma babu dattijon da zai ga laifin ma'aikatan. Malaman fiƙihu a wannan ƙasa tamu sun daɗe suna karantar da haka a babin ijara: dole aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne tun lokacin ƙulla magana, kuma ɓangare ɗaya ba ya warware abin da ɓangarori biyu suka ƙulla. Abin da wannan darasi zai kafa hujja a kansa shi ne, wannan ƙa'ida ba ta faɗuwa don aikin ya tashi daga gona ya koma makaranta, asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma ko masana'anta. A can ma, haƙƙi mafi daraja da ƙungiyar ƙwadago take samar wa 'ya'yanta shi ne a zauna da ita kafin a sauya yadda ake aiki. A ganina wannan ya fi ƙarin albashi kansa muhimmanci, ko da yake ƙarin albashin ne ake ta kai ruwa rana a kai a rediyo.

Bambancin gona da ofis shi ne ƙarfi. Ɗan ƙwadagon da aka yi wa ba daidai ba zai iya saɓa fartanyarsa ya tafi gonar maƙwabci. Malamin firamare da ya shekara ashirin yana koyarwa, yana jiran fansho da giratuti, ba shi da maƙwabcin da zai koma wa; in ya ɗaga murya shi kaɗai, takarda ɗaya ta ishe shi. Saboda haka ne ma'aikata suke haɗa baki su naɗa wakilai, wakilan su zauna da mai ɗaukar aiki su yi ciniki da sunan kowa, a rubuta abin da aka daidaita a sa hannu. Takardar da ta fito daga wannan zama ita ce yarjejeniyar bai-ɗaya. Tana da gindin zama a doka. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Tun 1960 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1949 kan 'yancin haɗa kai da cinikin bai-ɗaya. A 1978 aka sake fasalin ƙungiyoyin ƙasar nan zuwa manyan ƙungiyoyi 42 ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Mutanen wannan yanki suna da dalili na musamman na tuna abin da ya biyo baya, domin a zamanin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, aka yi yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981. Ƙungiya ta nemi naira 300, aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan naira 125, ta zama dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta ƙasa baki ɗaya. Daga nan adadin ya yi ta hawa: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024.

Wannan tarihi ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka aikin ƙungiya ya ƙare da zarar an faɗi adadi. Amma albashi lamba ce a takarda, abin da yake ba ta ma'ana shi ne sharuɗɗan da ke kewaye da ita. Mu ɗauki misalin malamar kiwon lafiya da ke aiki a ƙaramin asibitin garinsu, tana zuwa da ƙafa, tana dawowa ta dafa wa yara abincin rana. Wata safiya sai ga takardar umarni an liƙa a allon sanarwa: an mayar da ita wani ƙauye a can ƙarshen ƙaramar hukuma, kuma daga wata mai zuwa za ta riƙa kwana a bakin aiki sau biyu a mako. Ba a taɓa ko kwabo a albashinta ba. Amma yanzu kullum sai ta biya ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa, sai ta nemi mai kwana da yara, ɗan ɗinkin da take yi da yamma ya tsaya. In aka yi lissafi, an rage mata albashi ba tare da an rubuta kalmar ragi a ko'ina ba. Haka abin yake idan aka ƙara wa malami aji biyu, ko aka sauya hanyar biyan albashi, ko aka kawo na'urar da za ta yi aikin mutum biyar, ko aka miƙa aikin shara da gadi ga ɗan kwangila har ma'aikacin dindindin ya wayi gari ɗan wucin gadi. Ƙungiyar da ta ci nasarar ƙarin kuɗi amma ba ta da ta cewa a kan irin waɗannan sauye-sauye, abin da ta karɓo a bainar jama'a za a iya janye shi a hankali ba tare da kowa ya ji ba.

Mai karatu zai ce ai akwai doka. Akwai, amma ya kamata a san iyakarta. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, idan kuma aka sami sauyi a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. A lura, sanarwa sashen ya ambata, kuma bayan sauyin ya auku. Sashe na 13 ya ce ana tsayar da sa'o'in aiki ta hanyar yardar juna, ko cinikin bai-ɗaya, ko hukumar tsara albashi. Sashe na 20, wanda ya shafi rage ma'aikata, shi ya fi kusa da abin da muke magana a kai: mai ɗaukar aiki zai sanar da ƙungiya dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo a ƙarshe shi zai fara tafiya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Kalmar iya ƙoƙari kuwa faffaɗa ce, kowa na iya cewa ya yi nasa. Ban da haka, ma'anar ma'aikaci a wannan doka ta fi karkata ga leburori da akawuna, ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Dokar dai ta shimfiɗa ƙasa ce kawai. Sauran ginin, yarjejeniya ce take yin sa, kuma abin da ba a rubuta a cikinta ba yakan koma hannun mai ƙarfi.

Babu misalin da ya fi bayyana tsadar sauyi ba tare da zama ba kamar rikicin IPPIS, wanda ya taɓa gidaje da yawa a Bodinga da Shagari masu 'ya'ya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. IPPIS tsari ne na biyan albashin ma'aikatan tarayya daga wuri ɗaya a Abuja ta kwamfuta, an fara shi a 2007 da niyya mai kyau, wato toshe kafar ma'aikatan bogi. A ƙarshen 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba da umarnin kowa ya shiga, wanda ya ƙi a tsayar masa da albashi. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ce tsarin ya saɓa wa yarjejeniyar da ta sa hannu da gwamnati a 2009 da kuma dokar da ta ba majalisar kowace jami'a ikon ɗauka da biyan ma'aikatanta. Ta kuma kawo matsaloli na zahiri: tsarin bai san malamin da ke hutun bincike a wata jami'a ba, bai san baƙon malami mai zuwa koyar da darasin da babu mai koyar da shi ba, bai san alawus-alawus na aikin jami'a ba. Har ta ƙirƙiro nata tsarin mai suna UTAS. Gaskiya ne ba IPPIS kaɗai ya jawo yajin aikin ba, akwai batun kuɗin gyaran jami'o'i da sabunta yarjejeniyar 2009. Amma yana cikin manyan dalilan yajin 2020, wanda ya kai daga Maris zuwa Disamba, da na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. An riƙe albashin malamai na watanni bisa ƙa'idar ba aiki ba biya, ɗalibai suka zauna a gida, masu abinci da masu ɗakunan haya a kewayen jami'o'i suka shiga uku. Sai ga shi a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS. Matsayar da aka dawo kanta bayan shekara huɗu tana nan a kan tebur tun ranar farko, ana iya kaiwa gare ta cikin 'yan makonni da an saurari waɗanda za a biya da tsarin.

Hujja ta farko da ake kawowa don sukar wannan ra'ayi tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai kamfani zai ce dukiyata ce, ni zan yi asara in abu ya lalace, don me zan nemi izinin wanda nake biya? Gwamna zai ce jama'a ne suka zaɓe ni, ba ƙungiya ba. Amsar ita ce haƙƙin tattaunawa ba haƙƙin hanawa ba ne. Babu yarjejeniyar kirki da take cewa ba za a sayi sabuwar na'ura ba sai ƙungiya ta yarda, ko ba za a buɗe sabuwar makaranta a tura malamai can ba. Yanke shawarar inda za a dosa na shugabanci ne. Amma yadda nauyin shawarar zai faɗa a kan mutane, wa za a tura, da wane ma'auni, wa zai biya kuɗin mota, wa za a koya wa sabon aiki, nawa za a ba wanda aka sallama kuma yaushe, duk waɗannan sharuɗɗan aiki ne, kuma da yardar ɓangare biyu aka kafa su tun farko. Mai kamfani ya mallaki injinsa, bai mallaki dare da ranar ma'aikacinsa ba sai gwargwadon abin da aka yi ciniki a kai. Kuma akwai riba ga shi shugaban: wanda yake tsaye a gaban allo ko a bakin inji ya san ramukan da ba a gani daga ofis. Malaman jami'a sun faɗi inda IPPIS zai yi tuntuɓe kafin ya yi.

Hujja ta biyu ta fi zafi: ƙungiya takan zama garkuwar malalata da ma'aikatan bogi, saboda haka duk mai son gyara dole ya tsallake ta. A nan abin da ya faru a Kaduna ya cancanci nazari. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari, ta sallame su. Duk uban da ɗansa ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba ya san cewa matsalar da gwamnatin ta nuna gaskiya ce, kuma ƙungiyar da za ta musanta ta tana cutar 'ya'yan talakawa. Sai dai ƙungiyar malamai ta NUT ta yi ƙorafin cewa makin cin jarrabawa da aka yi magana a kai da farko kashi 60 ne, kuma akwai hukumar rajistar malamai ta ƙasa da ya kamata ta yi gwajin. Aka je kotu, aka shiga yajin aiki a Janairun 2018. Gwamnati ta ɗauki sababbi cikin gaggawa, daga baya ta sake sallamar dubbai daga cikinsu. A watan Mayun 2021 kuma, bayan sallamar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da jihar cak, wuta da jirgin ƙasa da bankuna, har sai da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta kira ɓangarorin biyu. Abin da na fahimta daga wannan shi ne gyara yana bukatar ma'aunin da kowa ya yarda da shi kafin a fara awo. Idan an zauna an amince da wanda zai tsara gwaji, da makin ci, da damar sake zama bayan horo, da hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda aka yi wa kuskure, to ƙungiya ta ɗaure kanta, ba ta da bakin kare wanda ya faɗi. Haka tantance ma'aikata: wakilin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE da ke zaune a teburin tantancewa ya fi kowa sanin wane suna ne ba shi da fuska a sakatariya, kuma shi ne zai hana a goge sunan mai gadin da ke kwance a asibiti ranar da aka zo ɗaukar hoton yatsu.

Hujja ta uku daga ma'aikatan kansu take fitowa: an sha sa hannu ana karyawa, me takarda za ta yi mana? Shekaru da yawa wannan ƙorafi yana da goyon bayan kotuna, domin sun gaji ƙa'idar Ingila cewa yarjejeniyar bai-ɗaya alkawarin mutunci ce kawai, ba ta ɗaure kowa sai an shigar da ita cikin takardar ɗaukar aikin mutum. Amma abubuwa biyu sun rage wa wannan ƙa'ida kaifi. Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta ce a kai wa Ministan Ƙwadago kwafi uku na yarjejeniya cikin kwana 14 da sa hannu, kuma yana da ikon ba da umarnin da zai mayar da ita tilas a kan ɓangarorin. Sannan gyaran Tsarin Mulki na uku na 2010 ya ɗaukaka Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta a sashe na 254C ikon fassara yarjejeniyoyin bai-ɗaya da aiki da su, da kuma duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Ba na cewa hukunci yana fitowa da sauri, ko gwamnatoci suna bin sa nan take. Amma wanda ya je gaban alƙali da sashen da ya ce sai an ba da sanarwar kwana kaza kafin sauyi yana da abin nunawa, wanda ya je da alkawarin baki kuwa sai dai ya yi ta rantsuwa.

Ana kuma iya nuna masaƙun Kaduna a ce ga ƙarshen ciniki. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta kafin ya shugabanci NLC a 1999, ta yi suna wajen ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu masaƙu lokaci bayan lokaci, amma duk da haka masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Gaskiya ne. Tattaunawa ba ta kawo wutar lantarki, ba ta tare atamfar fasa-ƙwauri a kan iyaka. Abin da take iya yi shi ne raba asara da adalci idan asarar ta zo, ta yadda ba za a jibge ta duka a kan wanda ya fi rauni ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL da suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba, sun nuna abin da ya kamata kowace ƙungiya ta nema tun kamfani yana da rai: a ware kuɗin sallama a inda ba za su nutse tare da kamfanin ba.

Saura tambayar da ta fi dacewa da ajinmu. Yawancin mutanen Danchadi manoma ne, 'yan kasuwa, makiyaya, masu sana'ar hannu; dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma sai mutum 50 suke iya neman rajistar ƙungiyar ƙwadago. To ina ruwan mai sayar da albasa da yarjejeniyar malamai? Ruwansa shi ne ɗansa ne a ajin, matarsa ce a layin awon ciki. Idan aka kwashe malamai aka watsa ba tsari, ko aka tura ma'aikaciyar lafiya inda ba za ta iya zuwa ba sai sau biyu a mako, shi ne zai tarar da ƙofa a kulle. Ga waɗanda suke cikin ƙungiya kuwa, akwai magana mai ɗaci da ya wajaba a faɗa: ana samun shugabannin da suke shiga ɗaki da hukuma su fito da murmushi, 'ya'yan ƙungiya ba su san me aka sa wa hannu ba. Duk wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, kuma tun gyaran dokar 2005 zama ɗan ƙungiya ganin dama ne. Wanda ake cire wa kuɗi yana da haƙƙin ya ce a taron reshe a karanta yarjejeniyar da Hausa, sashe bayan sashe, a kuma ajiye kwafi inda kowa zai iya dubawa.

Tun ran gini tun ran zane. Lokacin sabunta yarjejeniya ne ake shigar da sashen sauyi, kuma ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro: wane irin sauyi ne sai an sanar da ƙungiya a rubuce, kwana nawa kafin aiwatarwa, wane bayani za a ba ta don ta san abin da take tattaunawa a kai, su wa za su zauna, kuma mafi muhimmanci, cewa tsohon tsari zai ci gaba har a gama magana ko mai shiga tsakani ya yanke. In babu wannan jumla ta ƙarshe, hukuma na iya aiwatarwa yau ta kira taro gobe. Ma'aikatan ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari suna da dalilin gaggauta wannan. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kaya, yana taɓa tambayoyin wa zai biya malamin firamare da ma'aikacin lafiya, wa zai yi musu ƙarin girma, wa zai ɗauki bashin fansho da giratutin da ya taru, kuma da wa reshen NUT ko NULGE zai zauna, shugaban ƙaramar hukuma ko hukumomin jiha a Sakkwato. Waɗannan tambayoyi ne ya kamata rassan ƙungiyoyin su kai a rubuce ga ɓangarorin biyu tun yanzu, su nemi a sa ranar zama.